Sunan da Igiyar Guga ta Cinye

A takarda, aikin jinya ne ya kai ni ƙasar Ireland. Haka aka rubuta: Hajara Jatau, nas, daga Kazaure, za ta yi aiki a gidan kula da tsofaffi a Dublin. Ban yi ƙarya ba, aikin na yi. Na wanke tsofaffi, na ba su magani, na sha zagin wani tsoho da ya ce kada baƙin hannuna ya taɓa shi, daga baya kuma ya ƙi cin abinci sai ni na ba shi. Amma da aikin kawai nake nema, da Saudiyya na tafi, inda ƙawayena suke, inda akwai rana. Suna na je nema, sunan mutumin da ya haifi mahaifina.

Baba, Malam Jatau, ya yi shekara talatin yana na'ibin limamin masallacin unguwarmu. Da liman ya rasu kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai dattawa suka zauna a zaure, wani attajirin unguwa da ake kira Alhaji Mamman ya gyara zama ya ce, "Ilimi kam Malam yana da shi. Amma ba a sa mutum gaban sahu alhali ba wanda ya ga ɗaurin auren uwarsa." A gaban Baba ya faɗa. Baba ya ɗauki butarsa ya shiga gida. Daga ranar a ɗakinsa yake salla, shekara huɗu cur.

Abin da muka sani ba shi da yawa. Kakata Hajjo Bafulatana ce, rugarsu tana tsakanin Roni da Gwiwa. A zamanin Turawa wani Bature ya zo yana haƙa rijiyoyin siminti a ƙauyukan nan, mutumin Ireland. Ita ta ce ya musulunta a hannun limamin ƙauye, ya ba da karsana sadaki, aka ɗaura musu aure da shaidu. Tana da cikin wata bakwai ya tafi hutu yana tari, bai dawo ba. Liman ya mutu, shaidu suka mutu, ruga ta tashi. Ita kaɗai ta rage da jan yaro, kuma ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba. Mace ta kama sunan mijinta? Ko tana ciwon ajali Baba ya durƙusa ya roƙe ta, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Mai Rijiya mana." Sunanta na yanka, Hajara, aka sa mini, don haka ni ma Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Kunya gadon gidanmu ce, kuma na sha jin haushinta.

Zangona na farko wajen wani maƙaryaci ne. Na gan shi a intanet, wai gwanin binciken asali, da ofishinsa a saman wani shagon aski. Na ce masa ban san sunan kakana ba. Ya yi murmushi ya ce wannan ba komai ba ne, in kawo hoton Baba. Bayan sati biyu ya miƙo mini takarda a cikin firam, da zanen garkuwa da zaki, da labarin wai jinin sarakuna ne mu. Har na yi ƙwalla, wauta ba ta da magani. Kwana uku bayan nan ina wucewa ta wani shagon tsaraba na ga irin takardar sak, an jera su kamar kalanda, kowa ya zaɓi sunan da ya yi masa. Na koma ofishin da gudu. Ya ce ai iyalai da yawa suna tarayya a garkuwa ɗaya. Turancina ya ƙare, na ƙarasa masa da Hausa, kuma na tabbata ya gane.

A satin ne ƙanina Sanusi ya aiko saƙon murya. Ƙafafun Baba sun kumbura, an kai shi Kano, likita ya ce ƙoda ce, a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a. Ni nas ce, na san abin da likita yake nufi idan ya ce haka. Na kira, Sanusi ya kara masa wayar a kunne.

"Uwata, kin samo?"

"Ina kan nema, Baba."

"To, Allah ya yi miki albarka. Ki ɗan hanzarta."

Na ajiye wayar. Na zauna a bakin gado a ɗakin da muke raba haya da wata nas 'yar Filifin, ana ruwan nan nasu da ba ya sauka ba ya ɗaukewa, na ji ba abin da nake so kamar in ga duwatsun Kazaure. A ranar na tsani garin, na tsani dankalinsu, na tsani yadda kowa ke cewa yana lafiya ba tare da ya tsaya ya ji amsarka ba.

Zango na biyu babban ɗakin karatu ne, inda aka ware wani teburi don masu neman asalinsu. Yawancinsu Amurkawa ne, kowa da fayil ɗinsa, da sunan kakan kakansa da sunan jirgin da ya kwashe shi. Ni na zo hannu rabbana. Wadda na samu a teburin wata tsohuwa ce mai aikin sa kai, sunanta Nora, gashinta fari fat. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba.

"Ba suna, ba shekara, ba gari," in ji ta. "To me ya bari?"

"Ɗa ɗaya da rijiyoyi."

"Na siminti?"

"Na siminti."

Ta cire tabarau. "Mahaifina magini ne. Ban taɓa ganin ya bar siminti ya bushe bai rubuta sunansa a jiki ba. Duk haka suke, ba sa iya haƙuri. Akwai wanda zai je ya duba miki bakin rijiyoyin?"

Shekara saba'in da wani abu muna tambayar mutane, ba wanda ya taɓa tunanin ya tambayi rijiya. Washegari Sanusi ya hau babur. Rijiyar farko, ta wajen Roni, ta rufta tuntuni, har an yi shuka a kanta. Ta biyu tana nan, amma wani ɗan siyasa ya sa an yi mata sabon yaɓe ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, kamar shi ya tono ruwan. Da Sanusi ya gaya mini sai da na yi Allah ya isa. Ta uku tana wani ƙauye bayan Gwiwa, har yau ita ake sha. Ya tarar da mata suna jan ruwa, ya roƙe su suka dakata, ya jiƙa bakin rijiyar ya goga garin gawayi. Wata tsohuwa ta tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Ya ce rubutu yake nema. Ta ce, "Rijiyar Bature ce, ɗana. Ba ta taɓa ƙafewa ba."

Hoton ya shigo ina tsakiyar raba magani. Na shiga banɗaki na buɗe. Rubutun yana nan, amma igiyar guga ta yi shekara da shekaru tana bi ta kansa, ta sassaƙa ramuka masu zurfin yatsa. Abin da ya tsira harafin M ne, da harafin T, sai shekara a ƙasa. Sauran sunan duk igiya ta cinye.

Nora ta ce ya isa a fara. Jiragen ruwan da ke tasowa daga Legas a wancan zamani suna rubuta sunan kowane fasinja da sana'arsa da inda zai sauka. Rana ɗaya nake da hutu a sati, don haka sati uku muka yi muna bin layi bayan layi a kwamfuta, 'yan mishan, malaman makaranta, ma'aikatan jirgin ƙasa, matansu da 'ya'yansu. Kowace safiya Sanusi yana aiko rahoto, kuma rahoton ba ya gyaruwa. Baba ya daina fita tsakar gida. Baba ya daina cin tuwo, sai kunu. A Talata ta uku, da hantsi, yatsan Nora ya tsaya. Martin, sai sunan danginsa mai farawa da T, wanda ba zan rubuta ba don suna raye kuma ban nemi izininsu ba. Sana'a, shugaban masu haƙa rijiya. Inda za shi, wani ƙauye a can ƙarshen yammacin ƙasar.

Na maimaita sunan a bakina sau uku. Daga nan takardu suka riƙa zuwa da kansu. Muka sami rajistar haihuwarsa. Su bakwai ne a wajen uwarsu, biyar sun yi ƙaura zuwa Amurka da Ingila ba su dawo ba, ashe su ma mutanen ci-rani ne. Sai takardar mutuwa. Shekara uku bayan saukarsa daga jirgi ya mutu, ciwon huhu. Na ji sanyi a raina, na ce ashe ciwo ne ya riƙe shi. Ina cikin hamdala idona ya sauka kan wani ɗan gurbi da ake rubuta ko mamaci gwauro ne ko mai iyali. An rubuta, mai aure.

Nora ma ta gani.

"Ya yi aure ke nan da ya dawo," na ce.

"Haka takardar ta nuna."

Na san ƙasar zuwa lokacin. A ƙauye irin wannan, a wancan zamani, aure a coci ake yinsa. Mutumin da ya dawo ya shiga coci ya auri 'yar garinsu cikin shekara uku, yaushe ya musulunta? Wane aure ya ɗaura a ruga? Na ga fuskar Alhaji Mamman a raina yana gyara zama. Da yamma Baba ya sa aka kira ni, ina kallon wayar tana ƙara har ta katse. Tun da aka haife ni ban taɓa ƙin amsa kiran Baba ba sai ranar, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Kwana biyu bayan nan Nora ta kira ni, a ranar da ba ma ta aiki. Ta bi rajistar aure ta yankinsu, ta bi ta ƙasar gaba ɗaya, babu auren Martin a ko'ina. Ta ce wataƙila a Ingila ya yi, wataƙila kuma wani abu ne daban, ita ba za ta sa mini rai ba.

"Takarda ta kai ki iya inda za ta iya," in ji ta. "Sauran sai ki je da ƙafarki."

Shugabar wurin aikinmu ta ce ba hutu, ma'aikata sun yi ƙaranci. Na buɗe baki zan faɗi abin da zai sa a kore ni, sai 'yar ɗakina, wadda muke aiki tare, ta taka mini ƙafa ta ce ita za ta karɓi kwana biyuna a kan nata. Ban taɓa ba ta labarin duka ba. Ta ce ta ji ina kuka da wani yare, kuma ita ma tana da uba.

Jirgin ƙasa ya kai ni wani gari, bas ta kai ni wani, wata ƙaramar bas ta ɗauke ni daga nan. Gonaki ƙanana, kowace an kewaye ta da katangar duwatsu, tumaki sun fi mutane yawa, gidaje da dama ba rufi. Direban ya ce masu su suna Amurka tun kafin a haife shi. Ni kaɗai na rage a motar, ya sauke ni a ƙofar cocin ƙauyen duk da ba nan ce tasha ba, ya ce bas ta ƙarshe ƙarfe shida take wucewa, kada in bari ta tafi ta bar ni.

Mai kula da cocin, wani dattijo mai sanda, ya buɗe mini littafin waɗanda aka binne. Muka duba shekarar, muka duba ta gabanta da ta bayanta. Babu Martin. Na fita maƙabarta ina bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana shiga mini ta wuya. Na sami dutsen danginsu, babba, an rubuta uwa da uba da 'ya'ya, har waɗanda suka mutu a Amurka an sa sunayensu da garuruwan da suka mutu. 'Ya'ya shida na ƙirga. Na sake ƙirgawa, shida. A nan saƙon Sanusi ya shigo: "Yaya, tun jiya barci yake ta yi. In ya farka ke yake tambaya. Me zan ce masa?"

Na mayar da wayar aljihu. Na koma wajen dattijon na ce mutum ba ya ɓacewa haka, an haife shi a nan, ya mutu a nan, ina aka kai shi? Ya rage murya ya ce:

"Akwai Peg, 'yar wansa. Gida na ƙarshe kafin teku. Amma ki sani, ba sa maganarsa."

Peg ta haura tamanin, doguwa, ta buɗe ƙofa iya faɗin fuskarta. Na gaishe ta, na faɗi sunan. Ta dubi hijabina, ta dubi takalmina da ya jiƙe, ta ce ba ta san kowa mai wannan suna ba, ta rufe. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake, shiru. Ni kuwa ba a rufe mini ƙofa in juya, wannan halin tun ina yarinya ake dukana a kansa. Na zagaya ta tagar kicin inda na hango ta tsaye, na nemo hoton Baba na ranar Sallah, da farar hula da carbi, na manna wayar a jikin gilashin. Na riƙe ta da hannu biyu.

Ta matso don ta kore ni, sai ta tsaya. Ta kawo fuskarta dab da gilashin. Na ga bakinta yana motsi. Sai ta ɓace daga tagar, na ji ana zare sakata.

"Wannan fuskar mahaifina ce," in ji ta. "Har kunnuwan. Wane ne?"

"Ɗan Martin ne. Mahaifina. Yana kwance, ba shi da kwanaki da yawa."

Ta ba ni tawul da shayi mai zafi, ta zauna nesa da ni. Ta ce tun tana 'yar shekara tara ba a faɗin sunansa a gidan, kakarta ce ta hana, ta ce ya jawo musu abin kunya. Na kusa yin dariya don takaici. Can wata ta ƙi faɗin sunansa don girmamawa, nan wata ta hana don jin kunyarsa, mu kuma muna tsakiya.

Na roƙi izini na kunna ɗaukar murya, ta ɗaga kafaɗa. Ta ce Martin ya dawo a rame yana tari. Kullum sai ya je famfo ya wanke hannu da fuska da ƙafa, ko ana sanyin da ruwa ke daskarewa, ya shiga rumbun ciyawa ya shimfiɗa buhu ya riƙa sa goshi a ƙasa. Su yara suna leƙensa ta ramin ƙofa. Ya daina cin naman alade, ya daina zuwa coci. Sau biyu yana haɗa kaya ya tafi tashar jirgin ruwa, sau biyu likitocin jirgi suna dawo da shi saboda yana tarin jini. Ya rubuta wasiƙu, ba amsa. Na ce a raina, wa zai kai wasiƙa rugar da ta tashi?

Na ciro takardar mutuwar na nuna mata gurbin.

"Wace ce matar?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Wace mata kuma? Bai taɓa kallon kowa a nan ba. Kakarki mana. Mahaifina ne ya je ya yi rajistar mutuwar, Martin ya sa shi ya rantse zai ce mai aure ne. Kakata ta yi shekara ba ta yi wa mahaifina magana ba saboda kalmar nan." Ta ɗan yi murmushi. "Ya ce mana saniya ya bayar aka ba shi ita, 'yar budurwar saniya. Muka yi ta dariya."

Karsana. Ban gaya mata ba, ban gaya wa Nora ba, ban gaya wa kowa a ƙasar nan ba. Na kifa kaina a teburinta na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, ita kuma ta miƙo hannu ta dafa mini kai, a ɗarare.

Da na natsu ta sa kot ta ce in biyo ta. Muka bi ta bayan gida, muka haura wata gona har jikin katangar duwatsu. Ta ce da ciwo ya yi tsanani an kira limamin coci, Martin ya yi masa godiya ya ce ya koma, don haka aka ce ba za a binne shi a maƙabarta ba. Shi ma bai nema ba. A bazararsa ta ƙarshe da kansa ya haƙa kabarinsa, kullum kaɗan, yana yi yana hutawa. Rami ne, a cikinsa kuma wani siririn rami. Ya auna da wani ƙaramin kamfas ɗin aikinsa, abin gane gabas da yamma, ya gaya wa wansa a kwantar da shi a gefen dama, ba akwati.

Kabarin ɗan tudu ne da ciyawa ta rufe, da dutse ɗaya ba rubutu. Na ciro wayata na buɗe abin nuna alƙibla. Kibiyar ta nuna kudu maso gabas, inda nake fuskanta kullum a Dublin. Kabarin bai bi ta ba, ya kauce sosai. Na ce ko duk labarin ne ya zo ya rushe a nan. Na tsaya ta wajen kansa na sake dubawa. Kai a kudu, ƙafa a arewa, fuska tana kallon gabas har ta ɗan karkata arewa. Sai na gane. Haka kabarin mahaifiyata yake kwance a Kazaure. Bai san alƙibla tana canzawa idan an canza ƙasa ba. Wadda aka koya masa a ƙauyen bayan Gwiwa ita ya auna ya riƙe, ita ya kawo nan.

Na kira Sanusi na ce ya tashi Baba ko barci yake. Na ji ana ta kiran "Baba, Baba, Yaya ce." Da ya amsa na gaya masa komai a jere, ban tsaya numfashi ba: sunan, da jirgin, da buhun salla, da karsana, da kalmar da aka rubuta a takardar gwamnati, da kabarin da ya bi gabas ɗinmu. Da na gama ya ce:

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"An yi masa salla?"

"Wa zai yi masa, Baba? Ba Musulmi ko ɗaya a nan."

Na ji yana jan numfashi. Sai muryarsa ta fito, irin wadda na sani tun ina yarinya.

"Sanusi, ɗebo mini ruwa. Ka je ka gaya wa mutanen masallaci, bayan la'asar akwai jana'iza a ƙofar gidana. Ka ce ta mahaifina ce, kuma ni zan ja. Wanda zai zo ya zo."

"Baba, ba za ka iya tsayuwa ba."

"Jana'iza ba ruku'u ba sujada. Riƙe ni kawai za ka yi."

Na tura wa Sanusi hoton takardar da muryar Peg, na fassara masa a gurguje. Awa biyu na yi a kicin ɗin ina kallon agogon bango. A wannan watan lokacinsu da namu ɗaya ne. Ban iya shan shayin ba. Abin da nake tsoro shi ne a fito da Baba a tsayar da shi a ƙofar gida, a jikinsa na yanzu, ya waiwaya ya ga Sanusi kaɗai. Na san in haka ta faru ni na jawo masa, kuma ba zai kwana biyu ba. Peg ta tambaye ni me ake jira, na gaya mata. Ta ce, "To ni dai zan zo," ta ɗauko lema.

Muka koma gonar. Bidiyo ya ƙi tsayawa, sai murya. Na jingina wayar a jikin dutsen kabarin na ƙure ƙara. Ina jin hayaniya, da kukan akuya, da babur yana wucewa, amma ban iya gane ko mutum uku ne ko talatin ba. Sai aka yi tsit.

"Allahu akbar."

Muryar Baba ce, siririya, amma ba ta yi rawa ba. Bayanta na ji wani gunji ƙasa-ƙasa, na kasa tantancewa ko mutane ne ko ruwan da ke dukan lemar Peg. Kabbara ta biyu. Ta uku ta daɗe ba ta zo ba, na dafe ƙirji, na ji Sanusi yana cewa a hankali, "Na riƙe ka, Baba." Ta zo. Ta huɗu ta zo. Da ya yi sallama sai gunjin nan ya tashi gaba ɗaya, muryoyin maza masu yawa, har wayar ta yi ƙara.

"Sanusi! Sahu nawa?"

"Yaya, har bakin titi."

"Alhaji Mamman fa?"

"Ya zo. Yana sahun ƙarshe, ga shi can ya juya bai gaisa da kowa ba."

Ya ji da shi. Ni ban yafe masa ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya ba ni ikon yi.

Bas ɗin ƙarfe shida ta tafi ta bar ni, a gidan Peg na kwana. Baba ya ƙara kwana goma sha ɗaya a duniya, ban same shi ba. Amma a ranar, kafin a mayar da shi ɗaki, ya ce a ba shi wayar, mutane suna tsaye suna ji.

"Uwata, sake faɗa mini sunan."

"Martin, Baba."

Ya gwada shi a bakinsa sau ɗaya a hankali. Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan sahu za su ji, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifina Martin, mijin Hajara."

Jama'a suka ce amin. Shekarata talatin da takwas, ranar na fara jin sunana a bakin Baba.